Wasiƙa zuwa Kumasi: lafiya lau ɗin da ka ƙi yarda da ita

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kai da iyali kuna nan ƙalau. Saƙonka ya iso, na kuma ga ƙorafinka: wai duk wanda ka buga wa waya a gida sai ya ce maka "lafiya lau", alhali kullum kana jin labarin 'yan bindiga a rediyo. Har da cewa mun mayar da kai baƙo.

Ba wanda ya ɓoye maka komai, zaman Kumasi ne ya toshe maka kunne. Ai ka san ko gawa ce kwance a ɗaki, in aka ce ina kwana, lafiya lau ake fara amsawa, sannan a sassauta murya a faɗi abin da ya faru. Abin da ke biyo baya za ka kasa wa kunne. In Inna ta ce "lafiya lau" ta zarce da tambayar yara, to lafiyar ce. In kuwa ta ce "to, lafiya dai, alhamdu lillahi" ta yi shiru, kada ka kashe wayar.

Ita kalmar lafiya daga Larabawa muka aro ta, al'afiya, amma mun labta mata kaya. Mai ciki a ce Allah ya raba lafiya. Makaniki ya daki bonet ya rantse motar nan lafiyarta ƙalau, ko da hayaƙi take yi. Ka ƙwanƙwasa wa mutum ƙofa da tsakar dare, kafin ya amsa sallama sai ka ji "Lafiya?", wato wa ya rasu. Ka yi shirme a ce "kai, lafiyarka kuwa?", nan hankalinka ake tuhuma. Sarki na tafe, dogarai na "Lafiya, zaki!" Wanda ya fi ba ni dariya shi ne lafiyayyen mari, sai dai a tambayi mai kuncin. Yarabawa ma suna da alafiyarsu, ga kuma gari sukutum, Lafiya, babban birnin jihar Nasarawa tun 1996.

To ga amsar da kake nema. Lafiyar jiki muna da ita, Baba ma ƙafarsa da sauƙi, yana taka ta zuwa masallaci. Zaman lafiya ne ya yi ƙaranci. Bana ba wanda ya noma gonakin bakin daji, na kusa da gari kawai aka taɓa, shi ya sa gero ya yi tsada tun ba a gama kaka ba. Direbobi kuma ba sa yin lodi bayan la'asar.

Saboda haka in za ka zo da Sallah, ka kwana a birni, ka biyo motar safe. Ka riƙo wa Inna goro, ta ce fari take so.

Ka gaida uwargida da yara.

Naka,
amininka