Wasiƙa daga Bauchi: Su Wa Ke Zaɓen Fafaroma?

Bauchi, Yuni 2025

Zuwa ga aminina Alhaji,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara, da dukan mutanenmu na zangon Kumasi. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ta sauka, an yi shuka, takin zamani ne dai ya yi tsada, kowa na kuka da shi.

Saƙonka ya iso ni. Ka ce a majalisarku an yi ta musu tun da aka naɗa sabon Fafaroma, wasu na cewa Turawa ne suka hana Kadinal Arinze da Kadinal Onaiyekan na Najeriya (kadinaloli su ne manyan shugabannin cocin Katolika da ke zaɓen Fafaroma) jefa ƙuri'a don kada baƙar fata ya hau kujerar, su kuma mutanen Ghana sun sa rai da Kadinal Turkson nasu. Ka ce tunda ni ɗan Katolika ne in faɗa maka gaskiyar magana. Na ga abin ya fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na nemi takarda na zauna.

Ba wanda ya hana su, Alhaji. Shekaru ne suka hana su. Doka ta ce duk kadinal ɗin da ya cika shekara 80 kafin ranar da Fafaroma ya rasu, ko ranar da ya yi murabus, ba ya shiga ɗakin zaɓe. Fafaroma Paul na Shida ne ya kafa wannan a 1970, John Paul na Biyu kuma, wanda ka tuna ya zo Kaduna a 1982, ya tabbatar da ita a dokar zaɓen da ya fitar a 1996, wadda ake bi har yau da 'yan gyare-gyare. An haifi Arinze a 1932, Okogie na Legas a 1936, Onaiyekan a 1944. Fafaroma Francis ya rasu ran 21 ga Afrilu 2025, washegarin Ista, lokacin dukansu uku sun haye tamanin. Wanda ya rage mana shi ne Kadinal Peter Okpaleke na Ekwulobia a jihar Anambra, haihuwar 1963, shi kaɗai ya shiga daga Najeriya. Turkson kuwa ya shiga, ya jefa tasa ƙuri'ar, kamar yadda ya yi a 2005 da 2013.

Dokar nan ba ta duba fuska. Shugaban kadinalolin gaba ɗaya, Giovanni Battista Re, mutumin Italiya, shi ya jagoranci jana'izar Francis, amma da aka zo rufe ƙofa a waje aka bar shi, don shekarunsa 91. Kadinal Parolin ne ya riƙe ragamar zaɓen a madadinsa. Kuma kwana ake ƙirgawa, ba kintace ba. Kadinal Alencherry na Indiya ya cika 80 ran 19 ga Afrilu, kwana biyu kacal kafin rasuwar, shi ke nan ƙuri'arsa ta faɗi. A 2013 kuma Kadinal Kasper na Jamus ya cika 80 ran 5 ga Maris, amma da yake Benedict na 16 ya sauka tun ran 28 ga Fabrairu, ya shiga ya yi zaɓe yana da tamanin cif. Da a ce don a danne 'yan Afirka aka yi dokar, ai da ba ta faɗa kan babban ɗan Italiya ba.

Na san abin da za ka ce, don mu a nan tsufa daraja ne, ba a shawara babu dattijo. Ko a Roma ba kowa ya ji daɗin dokar ba da ta fito. Kadinal Ottaviani, wanda ta shafa kai tsaye, ya fito fili ya soke ta. Dalilin da John Paul ya bayar shi ne kada a ɗora wa mai irin wannan shekaru nauyin zaɓe a kan nauyin tsufa. Ni dai na yarda da ita. Wanda zai zaɓi shugaba ya kamata ya zama wanda har yanzu yana cikin aikin, yana zaga coci-coci, yana jin kukan mutane da kunnensa. Kuma ba a kori dattawan ba. Kafin a shiga ɗaki akwai tarurrukan da ake yi kusan kullum, inda kowane kadinal, tsoho da yaro, yake da ikon tashi ya faɗi irin shugaban da yake ganin coci na bukata. Sau da yawa a nan ake gane wanda zukata suka karkata gare shi.

Bari in kwatanta maka da abin da muka sani. Idan sarki ya rasu a ƙasarmu, masu zaɓen sarki kan zauna, su duba cikin 'ya'yan gidan sarauta, su fitar da suna, su miƙa wa gwamna ya sa hannu. To kadinaloli su ne masu zaɓen, amma da bambanci babba. Kadinal ba ya gadon kujerarsa, Fafaroma ne kaɗai ke naɗa shi, ba ya kuma neman iznin kowa. Sannan a cikinsu suke zaɓa, duk da cewa doka ba ta tilasta haka ba: kowane namiji ɗan Katolika da aka yi wa baftisma ana iya zaɓensa, in ba bishop ba ne a naɗa shi bishop nan take. Sai dai rabon da a ɗauko wani daga waje tun Urban na Shida a 1378. Babban bambancin shi ne babu gwamnan da za a kai wa suna. A da sarakunan Turai kan sa baki. A zaɓen 1903 sarkin Austriya ya aiko ta bakin wani kadinal cewa bai yarda da Kadinal Rampolla ba, wanda yake kan gaba a lokacin. Wanda aka zaɓa, Pius na Goma, da shigowar 1904 ya haramta wannan, ya ce duk kadinal ɗin da ya sake kawo saƙon wata gwamnati cikin ɗakin ya fita daga coci.

Kusan kowace ƙa'ida a cikin tsarin nan wata wahala ce ta haife ta. A farkon zamani limamai da jama'ar Roma ne ke zaɓen bishop ɗinsu, manyan gidajen birnin suka mai da abin na ƙarfi da kuɗi, sai a 1059 Nicholas na Biyu ya mai da zaɓen hannun kadinaloli. A 1179 aka ce sai mutum ya sami kashi biyu cikin uku, don a daina samun mutum biyu kowa na cewa shi ne. Kulle su da ake yi kuwa daga garin Viterbo na Italiya ya samo asali. Fafaroma ya rasu a 1268, kadinaloli suka kasa daidaitawa har kusan shekara uku. Mutanen gari suka gaji, suka garƙame su a cikin fada, suka rage musu abinci ya koma burodi da ruwa, suka yaye rufin ginin. Sai a 1271 aka sami Gregory na Goma, shi kuma a 1274 ya mai da kullewar doka.

Maganar yawansu ma ta ɗan ɗaure wa mutane kai bana. Shekaru aru-aru adadin kadinaloli bai wuce 70 ba, kamar yadda Sixtus na Biyar ya yanke a 1586, har John na 23 ya zarce shi. Paul na Shida ya ce masu zaɓe kada su wuce 120. Amma da Francis ya rasu akwai kadinaloli 252, kuma 135 daga cikinsu ne suka cancanci jefa ƙuri'a. Wa za a ce ya koma gida? Sai kadinalolin suka sanar cewa tunda Fafaroma da kansa ya naɗa su ya wuce adadin, kuma dokar ta ce ba a hana mai zaɓe haƙƙinsa bisa kowane dalili, kowa zai shiga. Biyu rashin lafiya ta hana su zuwa, Cañizares na Sifen da John Njue na Kenya, saura 133. Kashi biyu cikin uku ya kama 89. Akwai kuma Kadinal Becciu, wanda Francis ya sa ya ajiye haƙƙoƙinsa na kadinal a 2020 kan wata badaƙalar kuɗi. Ya so ya shiga, daga baya ya janye.

Kadinaloli aji uku ne, na bishop, na firist, na dikon, amma wannan jerin girma ne kawai, wa ke gaba wa ke baya, ƙuri'ar kowa ɗaya ce. Kusan dukansu bishop ne tun da John na 23 ya shar'anta haka a 1962, sai wanda Fafaroma ya ɗauke wa, irin Timothy Radcliffe na Ingila da ya yi zaɓe bana ba tare da zama bishop ba. Mata ba sa ciki, haka mu sauran jama'a.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ake jefa ƙuri'ar kanta. An karɓe wayoyi, an yi rantsuwar riƙe sirri, an fitar da duk wanda ba mai zaɓe ba daga ɗakin ibada na Sistine, an rufe. Kowa ya rubuta suna a 'yar takarda, yana sauya rubutunsa don kada a gane hannunsa, ya ninke. Sai ya tashi shi kaɗai, ya ɗaga takardar sama kowa na gani, ya taka har gaban bagadi, ya faɗa da murya cewa Almasihu, wanda zai yi masa shari'a, shi ne shaidarsa cewa wanda ya rubuta shi ne yake ganin ya cancanta a gaban Allah. Ya ɗora takardar kan faranti, ya karkata shi ta zame cikin tukunya. In an ƙirga, sai a soke takardun ɗaya bayan ɗaya da allura da zare, a ɗaure, a ƙone. Hayaƙin da kuka gani a talabijin ke nan. An shiga ran 7 ga Mayu, ran 8 a zagaye na huɗu farin hayaƙi ya tashi.

Yanzu ga inda nake ganin mutanen majalisarku suna da 'yar gaskiya, ko da yake ba inda suka sa yatsa ba. Lahadin da ta biyo bayan jana'izar, bayan an tashi daga coci, na tarar da wani tsohon katikis ɗinmu, wato mai koyar da addini a coci, zaune a inuwa da 'yar rediyonsa. Ya ɗaga yatsu huɗu, yana kiran sunayen kadinalolinmu yana lanƙwashe su ɗaya ɗaya, har saura manuniya. Ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Duk yawanmu?" Ban sami abin ce masa ba. Italiya ta shiga da ƙuri'a 17, Amurka 10, Brazil 7. Najeriya, mai miliyoyin 'yan Katolika, inda coci ke cika har waje kowace Lahadi, inda makarantun horar da limamai ba sa iya ɗaukar dukan masu nema, ƙuri'a ɗaya. Kuma biyu daga cikin waɗanda shekaru suka fitar su ne suka fi sanin zaman Kirista da Musulmi. Arinze ya shugabanci ofishin Vatican na hulɗa da sauran addinai daga 1984 zuwa 2002. Onaiyekan ya zauna kafaɗa da kafaɗa da Sarkin Musulmi a majalisar addinai ta ƙasa. A cikin ɗakin nan babu wanda ya fito daga lardunan Jos ko Kaduna, babu mai yin Mass, wato babbar ibadarmu, da Hausa, babu wanda ya san abin da ake nufi da limamin masallaci da limamin coci su fito tare su kwantar da unguwa ranar da hankali ya tashi. Wannan ya dame ni ƙwarai, har yanzu yana damuna.

To amma ka ga laifin ba na ranar zaɓe ba ne. Tun shekaru kafin nan ake yanke shi, ranar da Fafaroma ke karanta sunayen waɗanda zai ba jar hula da zobe. Cikin 135 ɗin nan, 108 Francis ne ya naɗa su. Kuma in za a yi masa adalci, ya buɗe ƙofar fiye da kowa. Ya bar manyan birane irin Milan da Paris babu kadinal a kan kujerarsu, ya kai hula Mongoliya, inda 'yan Katolika ba su kai dubu biyu ba. A 2013 Turawa 60 ne cikin masu zaɓe 115, 'yan Italiya kaɗai 28, Afirka 11. Bana Turai ba ta kai rabi ba, Afirka ta tashi da 18 da suka cancanta, Asiya 23. In ka tuna sai a 1960, shekarar da muka sami 'yanci, aka naɗa baƙar fata na farko a wannan zamani, Rugambwa na Tanganyika, namu na farko kuma Dominic Ekandem a 1976, za ka ga an yi tafiya. Shi kansa Okpaleke, an tura shi bishop na Ahiara a 2012, limaman wurin suka ƙi shi don ba ɗan yankinsu ba ne, ya haƙura ya ajiye a 2018, Francis ya ba shi sabuwar dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, a 2022 ya ɗaga shi kadinal.

Sabon Fafaroman, Leo na 14, haihuwar Chicago ne, amma a Peru ya yi yawancin aikinsa, kuma sai a watan Satumba 2023 ya zama kadinal. Da Francis bai kira sunansa a wannan shekarar ba, da wuya mu ji shi. Ɗan ƙungiyar Augustine ne, mutanen da suka kafa cocinmu a Yola da Maiduguri, ya kuma zo Najeriya lokacin yana shugabansu na duniya. Shi ya sa nake sa ido in ga jerin farko na sababbin kadinaloli da zai fitar. Kadinaloli na ta cika tamanin, Robert Sarah na Gini ma a wannan watan yake cikawa, gurabe na buɗewa. Addu'ata a tuna da Arewa.

In kun sake zama a majalisa, ka karanta musu wannan, ka kuma rubuto mini abin da mutanen Turkson suka ce, ina so in ji. Ka gaida Hajiya da kyau, ka shafa mini kan yara. Maman yara na gaishe ku, ta ce a tuna maka da maganar atamfar da Hajiya ta yi mata alkawari, in an sami mai zuwa. Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka na Bauchi