Wasiƙa zuwa Kumasi kan batun yaronmu da aski

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran jama'ar Aboabo. Mu nan Kano sai godiya. Hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari har ba a hango Dala daga Goron Dutse. Hajiya tana gaishe ka, ta ce goro ya iso, amma wai ka yi mata rowar fari.

Na ga saƙonka game da yaronmu, cewa tun da ya gama sakandare yake zaune, yanzu kuma ya ce aski yake so ya koya, kai kuwa abin bai kwanta maka ba. Ka ce in ba ka shawara tunda ni ɗan wanzamai ne. Sai da na yi dariya, domin ka rasa wanda za ka tambaya sai wanda aka ƙwace wa aska.

A gidanmu ba a tambayar yaro ko yana son wanzanci, a ciki yake buɗe ido. Ina ɗan shekara 7 Baba, Allah ya jiƙansa, ya fara rataya mini zabira ina bin sa a baya ranar kasuwa. Aikina ɗebo ruwa, wanke ƙaho, da jiƙa kan mutum da sabulun salo har gashi ya yi laushi. Na daɗe a haka kafin a yarda in wasa aska a dutse, in goga ta a fata. Da lokacin koyo ya zo ma, ba kan mutum aka ba ni ba. Ƙwarya Baba ya kife a gabana, ya shafe bayanta da kumfa, ya ce in kwashe tas ba tare da aska ta bar zane ba. Daga nan sai kawunan ƙannena, waɗanda ba su da bakin ƙorafi. Ƙaho yana zuwa daga baya. Kaciya kuwa ita ce ƙarshe, kuma maganin tsayar da jini ba a faɗarsa a gaban bare, ko 'ya'yan gida ma sai wanda aka ga yana da riƙon baki.

A lokacin kowane gida da wanzaminsa, kamar yadda uba ya gada haka ɗa zai tarar. In an yi haihuwa shi za a kira ran suna ya yi wa jariri askin fari. Da sanyi irin wannan ya tara yaran unguwa ya yi musu shayi. Da kaka kuma damman gero da dawa su riƙa shigowa gida ba tare da an aika kowa ba. In wani wanzami ya shiga gidan da ba nasa ba, magana ta tafi gaban Sarkin Aska. Shi ya sa bare bai cika samun ƙofa ba, ko ya iya aski, wa zai miƙa masa wuya?

Nawa labarin ka san rabinsa. Ina wajen 13 Baba ya bar mini wani dattijo da ya daɗe yana yi wa aski, mutum mai haƙuri. Na gama ƙeya lafiya, ina bayan kunne sai makaɗa suka zo wucewa, na ɗaga kai. Ƙiftawa da bismillah jini ya gangaro masa har wuyan riga. Baba bai ce mini uffan ba. Ya danna magani, ya ba dattijon haƙuri, ya ƙarasa askin da kansa. Sai da muka isa zaure ya karɓi askar, ya naɗe, ya ce, "Kai idonka yawo yake yi. Je ka riƙe alƙalami." Ka ji yadda na zama malamin makaranta. Har yau in na ga aska kusa da kunnen wani sai gabana ya faɗi.

Autanmu kuma ta wata ƙofa ya shiga. Shi zabira ba ta burge shi ba, sai ya bi wani mai shago a Sabon Gari ya koyi aiki da kilifa. Baba har ya koma ga Allah bai taɓa kiransa wanzami ba, "mai aski" yake ce masa, da wata irin murya. Na tuna ka taɓa gaya mini cewa a nan wajenku har Asante suna cewa "wanzam", amma mai kaciya kawai suke nufi. To, kusan haka abin ya koma ko a nan: sunan ya tsaya wajen masu ƙaho da shayi, aski kuma ya koma shago. Tsoron ƙanjamau da ciwon hanta ya sa kowa yana son a ɓare sabuwar reza a gabansa, likitoci kuma suna hana cire beli, tsagar gado ma ta ja baya.

Yaran da ke zuwa shagon Auta yanzu, da wuya ka ga ɗan gado. Wani uba ne ya kawo shi don kada ya bi 'yan zaman majalisa. Wani tun a makarantar kwana yake yi wa 'yan ɗakinsu da reza da mataji. A 2022, lokacin da malaman jami'a suka yi yajin aiki na wata 8, har 'yan jami'a biyu suka zo masa, wai kafin a koma. Ɗaya ya koma bai waiwayo ba, ɗayan kuwa ya gama karatun ya dawo, ga shi nan yanzu da nasa shagon, kwalin digiri yana cikin akwati.

Abin da nake so ka gane shi ne, hannu ba ya wahalar koyo. Auta ya ce yaro mai kai a 'yan watanni yake iya saisaye da ƙwal-kwabo, gyaran fuska ne ke ɗan jan lokaci. Abin da ke korar yara shara ce, da wanke tawul, da tsayuwa tun hantsi har bayan isha'i, da haɗiye magana in mutum ya dubi madubi ya ce an ɓata masa kai alhali shi ya motsa. Mafi yawansu a nan suke zamewa. Sai kuma jari. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya zama abokin rabon ciniki, dole Auta ya koma kilifa mai caji da 'yar sola a kan rufi. Saboda haka kada ka yi gaggawar kama masa shago don a ce ɗan wane ya buɗe waje.

Ni dai a ganina ka bar shi ya gwada. Na yi magana da Auta, ya ce a turo shi wata guda kafin ƙaramar Sallah, ya ga jajibere da idonsa, ranar da ake kwana ana aski yara na gyangyaɗi a benci. In ya wayi gari bai ce zai koma Kumasi ba, sai a fara koya masa. Wurin kwana kada ya dame ka, ɗakin zaure yana nan.

Ka ce masa kada ya yi aski kafin ya taho, domin 'yan koyo a kan junansu suke gwada hannu. Ni ma zan ba shi nawa kan, sanƙo ya riga ya rage masa rabin aiki. Sai dai zan toshe kunnuwana da hannu.

Ka gaishe mini da uwargida da yara.

Naka amini, daga Kano.