Ba kowace takardar kamu ce ta Interpol ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in warware wani abu da 'yan'uwanmu mazauna Makka da Jidda da Madina ke yawan cakuɗawa. Da zarar an tsare mutum a filin jirgi, sai ka ji ana cewa Interpol ce ta kama shi. Interpol ba ta da ɗan sandan da ke kama kowa. Sanarwa kawai take bazawa daga hedikwatarta a birnin Liyon na Faransa. Jami'in jawazat, wato na shige da fice, shi ke ganin sunan a kwamfuta bayan an ɗauki basma (hoton yatsa), kuma ƙasar da mutum ke tsaye a cikinta ita ke yanke shawarar tsare shi.

Ita jar sanarwar Interpol, wadda ake bazawa don neman a kama mutum, duk da aibinta, tana da ƙofar kai kuka. Sashe na 3 na kundinta ya hana ta shiga batun siyasa, soja, addini ko launin fata. Akwai hukumar CCF mai duba fayilolinta: ana rubuta mata da Larabci ko Turanci ko Faransanci ko Sifaniyanci, a haɗa kwafin fasfo, ba a biyan ko riyal ɗaya. Daga ranar da ta amince cewa buƙata ta cika sharuɗɗa, wata huɗu ne wa'adinta na amsa wa mai son sanin abin da ke fayil ɗinsa, wata tara ga mai neman a goge. Kada wanda ya duba shafin Interpol bai ga sunansa ba ya saki jiki, domin yawancin sanarwar ba a wallafa su.

Wadda ta fi tsoratar da ni daban take. Majalisar Ministocin Cikin Gida na Larabawa, mai mazauni a Tunis, ita ma tana yaɗa sunayen waɗanda ake nema tsakanin ƙasashenta, kuma ba ta da hukuma mai zaman kanta irin CCF. Mutum ba shi da inda zai je ya ga abin da aka rubuta a kansa, balle ya ce a cire. Yarjejeniyar Riyad ta 1983 tsakanin ƙasashen Larabawa ta hana miƙa mutum kan laifin siyasa, amma wa ke tantance ko laifin na siyasa ne? Da an liƙa masa sunan ta'addanci, shi ke nan.

Najeriya da Nijar ba sa cikin wannan majalisa, Sudan kuwa tana ciki. Kenan Bahaushen Mai Wurno ko Gadarif ko Kasala mai fasfon Sudan, hanya biyu ake iya biyo shi ta nan. Ba zato ba ne: a 2017 da 2018 Saudiyya ta mayar da wasu 'yan Sudan masu sukar gwamnatin al-Bashir a intanet zuwa Khartum, suka faɗa hannun jami'an tsaro. A 2024 kuma, ana tsakiyar yaƙi, aka gyara dokar hukumar leƙen asirin Sudan, aka mayar mata da ikon kamawa da bincike wanda aka ƙwace bayan faɗuwar al-Bashir a 2019.

A nan Saudiyya ma iko ya taru wuri guda. A 2017 aka cire Mabahis, wato 'yan sandan ciki, daga ma'aikatar cikin gida aka sa ta ƙarƙashin sabuwar hukumar tsaron ƙasa, ofishin mai gabatar da ƙara kuma ya koma yana amsa wa Sarki kai tsaye. Dokar ta'addanci ta shekarar ta ba mai gabatar da ƙara damar hana tsararre ganin kowa har kwana 90, da tsare shi wata 12 kafin shari'a, kotu kuma na iya ƙarawa. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar riyal miliyan 3 kan abin da ya taɓa zaman lafiyar jama'a ko darajar addini. Tura saƙon wani a WhatsApp na iya shiga ciki.

Idan abin ya faru, wanda aka tsare ya furta da bakinsa cewa yana son a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. Sashe na 36 na yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan hulɗar jakadanci ya rataya wajibcin sanarwar ne a kan roƙonsa, in ya yi shiru babu wanda ya tilasta musu. Amma wanda gwamnatinsa ce ke nemansa, ya yi tunani tukuna. Kada ya dangwala a takardar Larabci da bai fahimta ba sai an kawo tafinta. Jin Larabcin kasuwa daban, karanta na kotu daban. Dangi su tambayi abu uku: wace ƙasa ce ta nema, ta wace hanya, kuma mece ce lambar fayil. Ba tare da su ba lauya lalube kawai zai yi.

Sau da yawa ma ba mutumin ake nema ba, takwaransa ne. Muhammad Abubakar nawa ne a Jidda kaɗai? Ga shi da yawa daga cikin dattawanmu an rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa, don ba a san ainihin ranar ba. Suna ɗaya, rana ɗaya, sai kwamfuta ta haɗa su. A irin wannan a nemi a gwada basmarsa da ta wanda ake nema tun kafin a wuce da shi Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, domin in an riga an buga takardar tarhil, wato ta kora, gyara ya yi wuya. Shi ya sa ya kamata kowane gida ya ajiye kwafin fasfo da igama (katin izinin zama) mai ɗauke da sunan uba da kaka a hannun wanda ba ya cikin tafiyar.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Jidda