A cikin kwata ambaliya da bushewar famfo suke haɗuwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina rubuto muku ne daga Maamobi a nan Accra, daga gidan haya mai ɗaki goma sha biyu wanda tsakaninsa da babbar kwatar Nima bai fi taku hamsin ba. Ni tela ne, shekarata ashirin da huɗu a unguwar. Na saurari shirinku na makon jiya kan shirye-shiryen damina, kuma na ji daɗinsa. Sai dai an yi maganar ambaliya daban, an yi ta ƙarancin ruwan famfo daban. Mu a nan abu ɗaya ne, kuma a cikin kwata suke haɗuwa.

Duk wanda ya shiga lungunanmu ya duba ƙasa, zai ga siraran bututun roba kwance cikin ƙananan kwatoci, wani kan wani, kowanne ya nufi gidansu. Wasu sun tsage an ɗaure su da tsohon tiyub ɗin keke. Muddin akwai ruwa, ƙarfinsa waje yake turawa, sai dai a yi asara. Ranar da aka ɗauke kuwa, bututun ya zama fanko, abin da ke kwance a kwatar shi zai shige ta tsagar. To ina ga an yi ruwan sama, kwata ta cika ta haɗu da abin da ya tumbatso daga masai?

A Yunin bara sai da muka yi kwana tara famfo ko ɗigo, alhali ruwa ya shigo mana tsakar gida har gwiwa. Da ya dawo, wajen ƙarfe biyun dare ne. Matan gidan suka fito da bokitai da jarkoki, kowa na tsoron kada a sake ɗaukewa kafin asuba. Ruwan ja-ja-ja, da ɗan wari. Na ce wa maƙwabciyarmu, "Hajiya, a bari ya ɗan zuba tukuna." Ta ce, "Malam, in na bari ya zuba, da me zan ɗora girki gobe?" Kwana biyu bayan haka, ni na rungumi jikarta 'yar shekara uku zuwa asibiti, amai da gudawa sun sa idonta ya faɗa. Allah ya ba ta lafiya. Amma ban manta da kwalarar 2014 ba, wadda ta kama fiye da mutum 28,000 a Ghana, ta kashe fiye da 200, kuma yankin Accra ne ya fi jin jiki.

Ranar 3 ga Yunin 2015 kuwa babu ɗan Accra da zai manta da ita. Mutane sun fake wa ruwa a gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, wato Circle, mai ya bi kan ruwa, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ruwan da ya taru a can, har da wanda ya bi ta bayan gidanmu, domin kwatar Nima cikin rafin Odaw take zuba, Odaw kuma ta bi ta tafkin Korle ta faɗa teku. Leda ɗaya da aka jefa a Maamobi, a unguwar Adabraka za ta je ta toshe wa wani hanya.

Na san ana aiki. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don gyaran magudanan yankin Odaw, kuma Nima na cikin unguwannin da aka ambata. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ƙarami ne a kan wannan kuɗi: sai a yi gayya a yashe kwata, a tara yashi da bola a bakinta, a ce mota za ta zo. Mota ba ta zo ba, hadari ya zo, kafin awa ɗaya komai ya koma inda aka kwaso shi. Matasan da suka shiga ƙazanta har ƙugu suna gani, gobe in aka kira su ba za su fito ba. Duk ranar da aka sa ta yasa, a sa mota ta tsaya a wurin tun safe.

Mu ma da namu laifin, kuma ba zan ɓoye ba. Da an fara yayyafi sai ka ga an fito da buhunan shara ana juyewa a kwata, wai ruwa ya tafi da ita, don gudun 'yan sidin da za a ba mai aboboyaa, wato babur mai ƙafa uku da ke kwashe shara. Ina roƙon limamanmu da sarakunan zango su riƙa faɗin wannan da sunansa a huɗubar Juma'a da wuraren suna da biki tun daga watan Afrilu, kafin ruwan Yuni ya sauka.

Ruwan birnin nan galibi daga matatun ruwa na Weija da Kpong yake zuwa, kuma kowa ya san bai wadatar ba, rabawa ake yi. Mun yarda a raba, amma a gaya mana rana da lokaci, a rediyo ko ta saƙon waya, a kuma cika alkawari. Mai babban tanki a saman gida bai damu ba, zai kira tanka. Matar da ke sayen ruwa jarka-jarka ita ke biyan mafi tsada, ita ce kuma ke kwana a bakin famfo. Da ta san Talata da Asabar ruwa zai zo, da ta bar na farko ya zube hankali kwance.

Bayan abin da ya sami yarinyar nan, mun yi karo-karo a gidanmu, mai gida ma ya sa hannu. Mun kira mai gyaran famfo ya ciro bututunmu daga kwata ya bi da shi jikin bango, mun ɗora tanki kan bulo huɗu da murfi, ruwan farkon zuwa kuma wanke tsakar gida ake yi da shi, na sha a tafasa. Bututunmu ɗaya ne cikin goma sha uku da na ƙirga a lungun. Sauran goma sha biyun suna nan kwance, kuma gidajen da suke kai wa ruwa duk akwai yara. Ina roƙon ku turo wakilinku kafin damina ta kankama, zan zagaya da shi ya gani da idonsa.

Naku,
Wani tela daga Maamobi, Accra