Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi Jami'an Sayen Kayan Mota

'Yan uwa mambobi, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi a shekarar da ta ƙare. An gudanar da tarurrukan wata-wata kamar yadda aka saba.

Babban aikinmu shi ne taron bita kan bin diddigin asalin kayan da kamfanoninmu suke saya, kuma a ganina ba mu taɓa yin taron da ya kai shi amfani ba. Abu biyu kawai muka ɗauka, batir da ƙarfe, muka bi su tun daga ramin haƙa har zuwa wurin haɗa mota. An yi bayanin cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya, wato ma'adinin da ake sawa a batir, a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ake haƙo shi, wani ɓangarensa a ramukan da ake haƙa da hannu inda aka sha samun yara suna aiki, sannan mafi yawansa a ƙasar Sin ake tace shi. Dokar batir da Tarayyar Turai ta zartar a 2023 ta tanadi cewa daga Fabrairun 2027 kowane batirin motar lantarki zai zo da fasfo na dijital mai ɗauke da bayanin abin da aka haɗa shi da shi. A ɓangaren ƙarfe kuma, mun tattauna tsarin CBAM, wato tsarin Tarayyar Turai na cajin kuɗin hayaƙin carbon kan kayan da ake shigo da su, wanda ya fara da bayar da rahoto a Oktoban 2023, ya kuma ɗora kuɗi kan hayaƙin da aka fitar wajen sarrafa ƙarfe da alminiyam da suka shiga kasuwar Turai daga Janairun 2026, har da notuna.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne zaman da aka yi da rana, inda mambobi suka kawo yarjejeniyoyin sayayya na gaske, aka rufe sunayen kamfanoni, aka zauna ana gyara sharuɗɗansu layi bayan layi. A nan ne da yawa suka gane cewa babban kaso na hayaƙin da ake jingina wa mota tun kafin ta bar masana'anta, a wurin masu narka ƙarfe da kwal yake fitowa, kuma jami'in sayayya ne yake zaɓen waɗannan masu narkawa. Muna godiya ga duk wanda ya gabatar da jawabi ba tare da karɓar ko sisi ba.

Kundin tantance masu kawo mana kaya, wanda muka yi alkawarin kammalawa bisa jagorar ISO 20400 ta 2017, wato jagorar ƙasa da ƙasa kan sayayya mai kula da muhalli da al'umma, bai kammalu ba. Ya kamata a san dalili kafin a ɗora wa kwamiti laifi. Mun tsara takardar tambayoyi, mun aika wa kowa, mun kuma tunatar sau da yawa, amma mafi yawan mambobi ba su mayar da ita ba, kuma kundin da ba a cike shi da bayanan gaskiya ba, cutarwarsa za ta fi amfaninsa. Ziyarar masana'antar sake sarrafa tsofaffin batura ita ma an ɗage ta, saboda abin da ke asusu bai isa ba bayan an biya kuɗin zauren taro.

Wannan ya kawo mu ga kuɗin ƙungiya. Ma'aji da ni mun ɓata lokaci mai yawa muna bin bashin da kowa ya amince zai biya, lokacin da ya kamata a ce mun yi aikin kundin da shi. Abin ya fi ciwo idan aka ga waɗanda ba su biya ba, ba su halarci taro ba, su ne kan gaba wajen neman a tura musu takardun bitar. Muna roƙon duk mai bashi ya biya, ya kuma mayar da takardar tambayoyinsa kafin babban taro mai zuwa, domin a nan za a yanke ko a ci gaba da kundin ko a jingine shi.