Koken mahauta da ƙananan fataken shanu zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Gusau kan lodin shanu

Assalamu alaikum. Allah shi ja zamanin Sarki, Allah shi ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranka shi daɗe mu ne talakawanka, mahauta na kwata da masu kilishi da tsire da ƙananan fatake, munka taru munka ce gara mu kawo kuka gaban uba tunda abin ya fi ƙarfin Sarkin Fawa shi kaɗai. Maganar lodin shanu ce, waɗanda ake kawo muna daga kara ta Talata Mafara da Shinkafi da Ƙaura, da waɗanda ake wucewa da su Kudu.

Mahauci da ido yake sayen sa. Shi dubi tozo, shi taɓa kwiɓi, shi biya, abin da ke ƙarƙashin fata kuwa sai an yanka an feɗe. To nan ne muke ganin aikin 'yan lodi, jini ya kwanta a cinya da kugu da haƙarƙari da gadon baya, wani ja wur na ranar, wani ya yi baƙi, wani har ya fara ɗorawa-ɗorawa alamar dukan ya kwana biyu. Duk sai an sa wuƙa an fidda an zubar, kuma abin haushi inda naman ya fi tsada nan ya fi lalacewa, mai kilishi tsokar cinya yake so wadda za shi yanyanka falle-falle, in ya ga jini ciki ko tayi ba ya yi. Kirgin ma ƙaho ya yage shi. Dillali ya amshi la'ada, direba ya amshi kuɗin mota, ɗan lodi ya amshi nashi, asarar kanmu take sauka.

Akwai kuma wadda ba tabo gare ta ba. San da ya kwana tsaye cikin mota ba ruwa ba ci, aka sauke shi aka yanka nan take, namanshi duhu yake fitowa, a bushe, ba ya jure zafi, kafin la'asar ya fara canzawa. Likitocin dabbobi sun ce ƙarfin da ke ajiye cikin tsoka ne wahala ta cinye kafin yanka. Kai dai ka san da safe ka yanka, amma mai saye ya ce naman jiya ne, ina za ka kai ƙara?

Ranka shi daɗe duk wanda ya tsaya kara ranar kasuwa ya san inda ɓarnar take farawa. Ba wurin hawa na kirki, sai mota ta ja baya jikin tudu a yi ta jan igiya ana murɗa wutsiya ana jibga da gora har dabba ta durƙusa. A haɗa rahaji mai dogon ƙaho da bokolo, a haɗa bijimi da maraƙi, a ɗaure ƙaho jikin ƙarfe wuya a murɗe, a cusa har ba masaka tsinke don kuɗin tirela ɗaya ne ko nawa ka zuba, wadda ta faɗi cikinsu shi ke nan tattake ta za su yi. A haka wasu za su bi Funtuwa, Mokwa, Jebba, Ilori, Ibadan har Legas. Mun san man dizal ya yi tsada, mun san shingayen hanya, kuma da halin da ake ciki ba ko'ina direba zai iya tsayawa shi ba su ruwa ba, ba mu ce laifinsu ne duka ba. Amma gora da murɗa wutsiya ba tsadar mai ta kawo su ba. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da kyautatawa ko wajen yanka, a wasa wuƙa a hutar da dabba, balle tun tana da rai tana kallonka.

A 2016 daga nan Gusau anka loda shanu 500 a jirgin ƙasa zuwa mayankar Oko-Oba ta Legas, mun yi murna, amma yau ga mu dai da tirela. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta buɗe ma'aikatar kiwo, to kafin aikinta shi iso kara muna ganin maganar Sarki ta fi kusa da kunnen ɗan lodi.

Roƙonmu Sarki shi kira Sarkin Zango da Sarkin Fawa da shugabannin dillalai da na direbobi a zauna da likitan dabbobi a yanke adadin da kowace mota za ta ɗauka, motar Kanta da tirela kowa da nashi, a raba masu ƙaho da marasa, a zuba yashi a ƙasan mota don santsi, a hana duka da tara mai zafi. Shi kuma yi muna magana da ƙaramar hukuma a gina wurin hawa na siminti a kara, tunda kowane kai ana yanka mashi rasit. Mu mahauta mun ɗauki namu, san da anka sauke za shi sha ruwa shi huta kafin wuƙa ta hau, wanda ya saɓa a ci shi tara shi ma. In ma Sarki ya so, shi tura wakili kwata bayan sallar asuba washegarin kasuwar Mafara, za mu feɗe gabanshi shi gani.

Allah shi taimaki Sarki.

Mu ne talakawanka,
Mahauta da ƙananan fataken shanu na Gusau