Kafin Ka Hau Hasumiyar Eriya

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, tunda ka dage sai ka hau hasumiyar rediyonka da kanka, to ka saurara kafin ka sayi igiya.

Igiya iri biyu za ka nema, kuma wata ba ta yin aikin wata. Ta farko gajera ce, ita ake zagaya wa ƙarfe a maƙala a zobban ƙugu na dama da hagu na ɗamarar tsaron da za ka sa a jiki, don ka jingina ka saki hannuwa ka yi aiki. Wannan ba ta tare faɗuwa. Idan ka zame da ita fiye da santimita 60, fizgar a ƙugunka za ta ƙare.

Ta biyun ita ce mai riƙe rai. Ka sayi mai reshe biyu, tsawonta kada ya wuce mita 2, kuma da ƴar jakar rage fizga a gindinta. A cikin jakar akwai wata ɗamara a naɗe, ɗinkinta na farkewa a hankali idan ka faɗi. Duba tambari: EN 355, lambar ƙa'idar Turai, na nufin fizgar ba za ta haura kilonyuton 6 ba (kilonyuton ma'aunin ƙarfi ne). A zoben da ke tsakanin kafaɗunka ake maƙala igiyar, jikin ɗamarar tsaron da ta kama kafaɗu da cinyoyi. Bel ɗin ƙugu zalla kuwa, tun 1998 Amurka ta hana a tare faɗuwa da shi a wuraren gini.

Amfanin reshe biyu shi ne ba ka cire ƙugiya ɗaya sai ɗayar ta kama. Ƙugiyar ta zama mai faɗin baki, mai kulle kanta, ka ji ta ce ƙas. Ka kama ƙafar hasumiyar a saman mahaɗa, sama da kanka in da hali. Siraran sandunan da ke gicciye lanƙwashewa suke yi. Reshen da ba ka aiki da shi kada ka rataye shi a zoben ƙugu, yana iya hana jakar farkewa.

Ga abin da ake yawan mantawa: jakar kaɗai tana iya ƙara mita 1.75. Haɗa da tsawon igiya da naka da ɗan rarar tsaro, sai ka ga kana bukatar fiye da mita 6 a ƙarƙashin ƙugiya. A ƙasa-ƙasa ka riƙa maƙalawa sama sosai.

Nauyin da aka rubuta a tambarin cewa igiyar za ta ɗauka ya haɗa da naka da na kayan aikinka. Igiyar da ta taɓa tare faɗuwa, ko rana ta cinye ta ta yi tauri, yanke ta ka yar. Kada ka sayi ta hannu. Kashe na'urar aikawa kafin ka hau, ka bar mutum a ƙasa.

Allah ya tsare min kai.

Mahaifinka